Ina Za a Ajiye Shata?

A unguwar Zango ta birnin Kwatano, kusa da babban masallaci, akwai wani dattijo da ya daɗe yana sayar da kaset na waƙoƙin Hausa. Cinikin ya mutu tun da wayar hannu ta yawaita, amma kaset ɗin suna nan jibge cikin kwalaye. Da ganinsa ya fara rauni, sai jikarsa, wadda ke karatun adana kayan tarihi, ta ɗaura niyyar rubuta su a kundi kafin danshin bakin teku ya lalata su.

Takardar da aka koya mata cikewa gurbi ɗaya ta ware wa nau'in waƙa. Ta rubuta "gargajiya" a kan Narambaɗa, haka a kan Ɗan Anace da Barmani Choge. Da ta karanta wa kakanta, sai ya ce, "'Yar nan, kin haɗa fada da filin dambe da gidan biki a ɗaki guda."

Gaskiyarsa ce. Bahaushe yakan rarrabe waƙa ta fuska uku: abin kiɗa, wanda ake yi wa, da wurin da ake yi. Narambaɗa makaɗin fada ne mai kotso, Sarkin Gobir na Isa yake yi wa. Ɗan Anace makaɗin maza ne, shi ya wasa Shago. Barmani amada take yi da ƙwarya a taron mata. Irin wannan bayani ne Ames da King suka tattara a littafinsu na 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya faɗaɗa shi.

Rabon ma bai wadatar ba da suka iso kan Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Da kalangu ɗaya ya yi wa Sarkin Daura Bashar waƙa, ya kuma yi wa mashaya. Suna ɗaya ba ya ɗaukarsa, kuma abin da aka saka a gurbin da ba nasa ba, mai nema ba zai same shi ba.

Sai ta tsaga gurbin gida uku, ta ƙara na huɗu: sunan da masu saye suke kiran waƙar da shi. Wannan a bakin kakanta kaɗai yake, don haka kullum bayan la'asar takan zauna kusa da shi da biro.