Mayen ƙarfe, rairayin Gangara da jirgin da ba ya taɓa dogo

Masu karatu, ku yi mini haƙuri a wannan mako, da wasan yara zan fara kafin in kai ga maganar manya.

Sa'ad da nake yaro a Gangara, cikin ƙasar Gazawa, ba mu da dukiyar da ta kai mayen ƙarfe, wanda malamai ke kira maganaɗisu. Daga cikin matacciyar rediyo muke ciro shi, baƙi, mai rami a tsakiya kamar zobe. Mukan ɗaura masa zare mu ja shi cikin rairayi, ya fito da gemu na baƙin garin ƙarfe. Ranar da na mallaki guda biyu na ga abin al'ajabi: in an kifa ɗaya, sai su ƙi juna kamar kishiyoyi. Na sha alwashin sai na tsayar da ɗaya a iska bisa ɗan'uwansa. Kwana uku ina fama, kullum na sama sai ya zame, ya wuntsula, ya manne. Bai tsaya ba sai da na zura karan gero cikin ramukansu, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin maguɗi.

Sai a lise, a Maraɗi, mushenmu na kimiyya ya wanke ni daga zargin kaina. Ya ce tun 1842 wani Baturen Ingila, Samuel Earnshaw, ya tabbatar da lissafi cewa mayen ƙarfe da ke zaune wuri guda ba zai taɓa riƙe wani a iska ba. Daga nan ya ɗauko bututun jan ƙarfe, wanda maye ba ya kamawa ko kaɗan, ya saki ɗan ƙaramin maye a ciki. Maimakon ya faɗo, sai ya riƙa saukowa a hankali kamar audugar rimi. Motsinsa ne ke tayar da lantarki a jikin jan ƙarfen, lantarkin kuma ya zama wani maye mai tura na farko baya. Wannan ita ce ƙa'idar da Lenz ya bayyana a 1834. Abin da zama ya hana ni, ashe tafiya ce ke bayar da shi.

To, kan wannan bututu ne zancen jirgin ƙasa mai shawagi ya rabu gida biyu. Alhazanmu da suka bi ta Shanghai sun ga na can, ƙirar Jamus, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2004 a kan kilomita 30 daga filin jirgin sama, ya kuma yi shekaru yana kai kilomita 430 a awa. Shi mayen lantarki ne ke ɗaga shi, tazarar ba ta wuce santimita ɗaya ba, kwamfuta kuwa tana gyara ta dubban sau a daƙiƙa. In wuta ta ɗauke, batir ne ke riƙe da shi. Na Japan, wanda ya kai kilomita 603 a awa a gwajin 2015, motsi ne ke ɗaga shi, amma dole a ajiye mayensa cikin sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da na ƙanƙara. Dukansu biyu ƴan gata ne, ba su rayuwa sai da mai reno.

Wanda ya ɗauke mini hankali shi ne na wani dattijon masani a Amurka, Richard Post, na cibiyar bincike ta Livermore, da ya sa wa suna Inductrack a ƙarshen shekarun 1990. Mayen ƙarfe na dindindin ya jera a ƙarƙashin tarago, kowane guda a juye da kwata bisa na gabansa, bisa tsarin Klaus Halbach. Wannan jeri yana tara ƙarfin duka a ƙasa, ya kusa shafe shi a sama inda mutane ke zaune. Hanyar kuma zobban waya ce rufaffu, ba a haɗa su da wata tashar wuta ba. Da jirgin ya ɗan wuce saurin mai tafiya da ƙafa, sai ya tashi daga ƙananan tayoyinsa. Kada a ce na yi ƙarya: turawa gaba sai da lantarki. Amma ran da wuta ta yanke a tsakiyar daji, jirgin zai ci gaba da shawagi yana rage gudu, har ya sauka kan tayoyinsa lami lafiya. Mu da muka ga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta, Maraɗi da Damagaram masu shan layin Katsina zuwa Gazawa suka shiga duhu, mun san darajar na'urar da ba ta kashe mutum don an ɗauke kuran.

Gyaran da ake nema a kansa na nan da yawa. Lantarkin da ke ɗaga jirgin shi ne kuma ke jan sa baya, ya dumama hanya. Abin ban sha'awa, wannan ja yana da ƙarfi a tafiyar sannu, yana raguwa in gudu ya ƙaru, akasin kamiyon da ke ƙara shan mai. Don rage shi aka fito da ƙira ta biyu mai jeri biyu, sama da ƙasan hanyar, aka kuma gwada siraran faranti a madadin waya. Sai matsalar rawa: da yake ba kwamfutar da ke tsaronsa, taragon kan yi lilo kamar mota marar abin shanye gargada. Kamfanin General Atomics ya gina hanyar gwaji ta mita 120 a San Diego. Masu mafarkin jirgin cikin bututu sun ɗauko dabarar a 2016, babban kamfaninsu ɗaya, Hyperloop One, ya rufe a ƙarshen 2023. Har yau ba garin da ake sayar da tikitin irin wannan jirgi.

Na san abin da mai sayen aya da wake a kasuwar Gazawa zai ce mini: wane jirgi? Dogo ya iso Kano tun 1911, gyaɗar kakanninmu a bayan raƙuma da motoci ta je ta same shi. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso tsakanin 2014 da 2016 bai yi jigilar da aka gina shi dominta ba. Na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, na tayar ƙarfe ne irin na kowa, kuma a ganina shi ya dace da buhu. Buhu ba ya sauri. Sai dai ma'aikacin da wata rana za a ajiye wa takardar mai shawagi a tebur, ina so ya tambayi kuɗin jan ƙarfe ko alminiyam na kowace kilomita, da wanda zai yi gadinsa da dare, da ƙasar da za a sayo mayen daga gare ta, tunda Sin ce ke riƙe da mafi yawan kasuwarsa.

Akwai kuma tambaya ta huɗu, wadda Gangara ta ba ni. Bara da na je gida na kai wa ɗan ƙanena mayen zamani guda biyu, masu ƙyalli kamar azurfa. Kafin la'asar ya dawo yana kuka. Baƙin garin ƙarfe ya lulluɓe su, ya goge da riga, ya wanke da ruwa, ya ƙi fita. Na zauna ina cire masa da farce, ina lissafin tsawon tarago guda da yawan rairayin da iskar hunturu ke zubawa a kan hanyar Tasawa.