Hukuncin Kyaftin a Garin da Ba Nasa Ba

A ran 8 ga watan Satumba na 1966 ne gidan telebijin na NBC a Amurka ya soma nuna wasan kwaikwayon nan mai suna Star Trek, wanda Gene Roddenberry ya ƙago. Labari ne na wani kumbo, Enterprise, mai yawo a tsakanin taurari a ƙarƙashin Kyaftin Kirk. Babbar dokar da aka gindaya wa matuƙa kumbon ita ce kada su tsoma baki cikin al'amuran wata al'umma, ko da kuwa al'adunta sun saɓa wa nasu. To, amma mai dokar barci yakan ɓige da gyangyaɗi.

A wani kashi da aka nuna cikin Fabrairun 1967, sa'ad da yaƙin Biyetnam ke ci, kumbon ya isa duniyar Eminiar, wadda ta shekara 500 tana yaƙi da maƙwabciyarta Vendikar. Yaƙi ne ba bindiga ba bam. Kwamfuta ce ke lissafa inda hari ya faɗa da waɗanda ya kashe, sa'an nan duk wanda sunansa ya fito sai ya kai kansa wani ɗaki inda za a hallaka shi cikin sa'a 24. Hujjarsu kuwa ita ce, ta haka gidaje da birane suka tsira, wayewar kai ba ta rushe ba. Spock, mataimakin kyaftin, ya ce ya fahimci wannan hujja, amma bai yarda da ita ba.

Kada mai karatu ya manta, mutanen Eminiar sun aika da gargaɗi kada kowa ya kusance su. Wani jakada mai suna Fox ne ya tilasta wa Kirk shiga, domin ikonsa ya ɗara na kyaftin. Da shigarsu kwamfuta ta ƙidaya kumbon cikin waɗanda aka harbe, aka ce ma'aikatansa duka su sauko su mutu. Kirk ya ƙi. Ya ba injiniyansa Scott umurnin ya ƙone duniyar baki ɗaya in ba a sake su ba, daga bisani ya farfasa kwamfutocin yaƙin, ya bar shugabansu Anan da zaɓi biyu: ko yaƙi na gaske mai jini da gawawwaki, ko sulhu. Anan ya yarda a nemi sulhu.

Kare rayukan mutanensa haƙƙi ne a wuyan Kirk, wannan ba gardama. Abin da ke da ƙaiƙayi shi ne, ya zarce nan, ya yanke wa duniyoyi biyu hukunci a kan caca, ba don an naɗa shi alƙali ba, sai don makamansa sun fi nasu. Da Vendikar ta amsa da bama-bamai na gaske fa? Marubutan wasan ne suka tsara cacar ta ci, shi ya sa fin ƙarfi ya fito da kamar adalci.

Shekara 24 bayan haka, a 1991, sabon zubin wasan ya sake ɗauko wannan magana, da wani kyaftin dabam, Picard. Wani masanin kimiyya mai suna Timicin ya hau kumbon domin gwajin da zai ceto ranar duniyarsu, Kaelon, wadda ke gab da mutuwa. Gwajin bai ci nasara ba, ga shi kuwa saura 'yan kwanaki ya cika shekara 60, shekarar da al'adarsu ta wajabta wa kowa ya kashe kansa a gaban danginsa, wai don kada tsofaffi su zame wa 'ya'yansu kaya. Wata baƙuwa a kumbon, Lwaxana Troi, wadda son mutumin ya kama, ta je ta matsa wa Picard ya hana. Ya ce ba huruminsa ba ne.

Wanda ya ji wannan amsa zai ce rashin imani ne, kuma akwai ɗaci a cikinta ƙwarai. Sai dai da Timicin ya buɗe baki da kansa ya nemi mafaka, Picard ya ba shi, bai kuwa janye ba har da jiragen yaƙin Kaelon suka taso. Watau bai ɗora wa baƙo ra'ayinsa ba, bai kuma rufe masa ƙofa ba. Wannan ya fi farfasa kwamfuta wuya, gama babu wanda ke tafa wa mai yin sa.

Abin da ya karya Timicin ba jiragen yaƙi ba ne. Hukumar ƙasarsa ta ce ba za ta ƙara duban bincikensa ba muddin yana gudun al'ada, alhali don binciken ne yake son ƙarin kwana. Sa'an nan 'yarsa Dara ta zo ta faɗa masa tana ƙaunarsa, amma ya ba ta kunya. Ya janye roƙonsa, ya yi shirin komawa gida. Lwaxana, wadda har gobe ba ta yarda da al'adar ba, ta ɗaura kayanta ta bi shi, domin ta kasance cikin masoyan da za su zauna kusa da shi a ranar. Picard ya ba ta izinin sauka.