Tattaki Da Abin Da Ke Biyo Bayansa

Tun shekarar 2015 wata al'ada ta shigo mana, wadda da zarar zaɓe ya wuce sai ta ɗago kai. Saurayi zai rataya jaka, ya yafa tuta, ya liƙa hoton gwaninsa a ƙirji, ya ce ya kama hanya a ƙafa zuwa Abuja ko gidan gwamnati don taya murna. Wanda ya fi yin suna a wannan shi ne Sulaiman Hashimu, da ya taso daga Legas bayan Muhammadu Buhari ya ci zaɓen 28 ga Maris na shekarar, ya ratso jihohin Kwara da Neja, ya yi kusan mako uku a hanya, har ya samu ganin zaɓaɓɓen shugaban. Kafin a rantsar da gwamnati a ƙarshen watan Mayu, masu tattaki sun yi yawa har an daina lissafinsu. Mu mutanen Minna muna kusa da Abuja, saboda haka maganar ba ta rabuwa da majalisun matasa, har da na nan Dutsen Kura, musamman ga waɗanda suka gama makaranta suna zaune ba aikin yi. Labarin tashi kowa yana ji, labarin isa ma ana ji. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne halin da mutum yake shiga bayan ya dawo gida, an daina tafi, ya zauna yana shafa wa ƙafa man zafi. A ganina da-na-sanin da ke zuwa a wannan lokaci asalinsa guda ne: an mai da wahala haja, an kai ta kasuwa, ana jiran wanda bai yi alkawarin saye ba.

Wanda zai ce Bahaushe ya gaji doguwar tafiya a ƙasa bai yi ƙarya ba, sai dai a duba yadda magabata suke yin ta. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan tashi daga Kano da kewaye da rani, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu, su dangana da Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Gana ta yau. Zuwa da dawowa yakan ci watanni da yawa. Ba wanda yake fita shi kaɗai. Ayari ne da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai shiga gaba, da masu tsaro, da mata masu girki, da jakunan da aka ɗora wa kanwa da tufafi da fatu. An san inda za a yada zango, an san kuɗin fito a bakin kogi, an san sarkin da za a kai wa gaisuwa, an kuma san maigidan da zai sauki baƙi ya shiga tsakaninsu da masu goro. Wani Bature mai suna Kilafaton ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya kuma ƙiyasta mutanensa sun kai dubu. Duk wannan tsari an yi shi ne don a rage wahala. Falken da ya dawo Kano ba a tambayarsa yawan kumburin da ƙafarsa ta yi, ana tambayarsa goro nawa ya iso lafiya bai lalace ba.

Babbar shaidar cewa tafiyar ba ita ce abin nema ba, tana nan cikin garinmu. Minna tashar jirgin ƙasa ce ta raya ta. Layin dogo da aka faro daga Baro a bakin Kwara ya bi ta nan ya isa Kano a 1911, aka kuma haɗa shi da wanda ya taso daga Legas ta Jebba da Zungeru. Da goro ya fara zuwa Legas ta jirgin ruwa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Arewa, 'ya'yan madugai ba su tsaya suna kukan an kashe musu gado ba. Sun ajiye sandar tafiya, sun yanki tikiti. Alhassan Ɗantata, wanda ya fito daga gidan fatauci na Agalawa a Bebeji, yana cikin waɗanda suka fara amfani da sabuwar hanyar, daga baya ya shiga cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Da a ce albarkar tana cikin taku ne, da mutane irinsa, da suka san ayari ciki da waje, su ne na ƙarshen da za su bar shi.

Za a iya cewa to, wannan neman kuɗi ne, ina batun tafiyar da ake yi don ƙauna da imani? Ga alhazan da suka tafi Makka a ƙasa. Sukan bi ta Barno, su shiga Wadai, su ratsa Darfur ta El Fasher, su wuce El Obeid, su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan su ƙetara zuwa Jidda. Wasu sun yi shekaru a hanya, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su tara guzuri, musamman a gonakin auduga na Jazira bayan an gama madatsar ruwan Sennar a 1925. Da yawa ba su kai ba, da yawa sun kai ba su dawo ba. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba zan ce waɗannan bayin Allah ba su ɗanɗani baƙin ciki ba. Akwai wanda ya binne matarsa a daji, akwai wanda ya dawo ya tarar iyayensa sun rasu, gonarsa ta zama ta wani. Sai dai su abin da suka nufa yana can bai gusa ba, Ka'aba ba ta sauya ra'ayi, kuma wanda suka yi dominSa ba Ya mantawa da kowa. Ban da haka, ƙafa ita ce abin da suke da shi. Da motocin lori suka fara bin hanyar, sun hau. Da jirgin sama ya fara ɗaukar alhazai daga Kano, sun shiga, ba kuma malamin da ya ce hajjinsu ya ragu.

A nan ma shari'a ta riga ta yi magana, kuma abin mamaki ne yadda ake mantawa da ita. Imamu Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani dattijo yana tafiya da ƙyar, 'ya'yansa biyu na riƙe da shi. Da ya tambaya aka ce ya yi bakance ne zai tafi a ƙafa, sai ya nuna Allah ba Ya bukatar wannan azabtar da kai, ya umarce shi ya hau abin hawa. Haka kuma aka ruwaito game da 'yar'uwar Uƙbatu ɗan Amir, wadda ta yi bakancen zuwa Ɗakin Allah a ƙafa, aka ce ta taka ta kuma hau. In tafiya zuwa Ɗakin Allah ba a so mutum ya ƙuntata wa jikinsa a cikinta alhali yana da abin hawa, ban san hujjar da za a kawo wa tafiya zuwa ƙofar gidan ɗan siyasa ba.

Sai a zo ga lissafin abin da mai tattaki yake kashewa da abin da yake samu. Jikinsa ne jarinsa, kuma shi yake fara taɓawa. Kwalta ba ta lotsawa kamar turɓaya, tana mayar wa gwiwa da ƙugu kowane taku, ga takalmin da ba a yi shi don haka ba, ga ranar Maris da Afrilu wadda duk mutumin Neja ya san yadda take, ga rashin isasshen ruwa da kan taɓa ƙoda. Saurayi yakan ɗauka ya warke bayan mako biyu, amma gwiwa ba ta mantuwa. A 2020 jaridu sun kawo labarin wani mutumin jihar Gombe da ya yi tattaki zuwa Abuja a 2015, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, sai da maganar ta bazu sannan gwamnan jihar, Muhammadu Inuwa Yahaya, ya ba shi mota da kuɗi. Madalla da taimakon, amma a lura shekara biyar ta shiga tsakani, kuma shi mutum ɗaya ne cikin masu yawa da ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sannan hanyar kanta ba ta mai tafiya a ƙasa ba ce. Wanda ya san titin Minna zuwa Suleja ko Minna zuwa Bida ya san tirela da tankar mai ba su barin gefen da mutum zai raɓa. Ta ɓangaren Tegina da Kagara kuwa, inda aka kwashe ɗalibai a 2021, ko mai mota sai ya yi addu'a kafin ya bi. Madugu ba zai taɓa fitar da ayari a irin wannan yanayi ba tare da masu tsaro ba, balle ya bar yaro ɗaya ya tafi da tuta.

Abin da ake samu kuwa, galibi hoto ne da musafaha, wani lokaci ambulan. Na farko ya samu ganin shugaba domin abin sabo ne. Na ɗari yakan tsaya a bakin ƙofa, wani hadimi ya karɓi takardarsa, a ba shi kuɗin mota ya koma. Ba ma sai an zagi ɗan siyasar ba, domin bai aiko a zo ba, bai kuma yi alkawarin komai ba. Wanda ya ce don Allah ya yi, ba ya neman ko sisi, shi kaɗai ya san zuciyarsa, kuma ban isa in ƙaryata shi ba. Amma da wuya ka ga an yi tattakin a ɓoye, ba tare da an kira 'yan jarida ko an watsa a Facebook ba, kuma duk abin da aka yi don a gani, ranar da aka daina kallo zuciya takan yi nauyi.

Masu kare wannan al'ada suna da maganganu biyu da suka cancanci a saurara. Ta farko, tafiya mabuɗin ilimi ce: mai tattaki yakan kwana a rugar Fulani, ya ci tuwon Banufe, ya sha ruwan Bagware, ya gane mutanen ƙasar nan sun fi yadda ake ba da labarinsu kirki. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne mafi kyawun abin da ake dawowa da shi. Sai dai wanda ya ɗaure wa kansa ranar isa, yana sauri kada bikin rantsuwa ya wuce shi, bai da lokacin da zai zauna ya san sunan wanda ya ba shi tabarma. Alhajin da ya yi damina guda a Darfur ya dawo da harshe da sana'a da abokai. Mai tsere da kwanan wata yakan wuce gari goma bai san abin da suke nomawa ba, kuma in shekaru suka ja, wannan rashin tsayawa yakan fi ciwon ƙafa damun mutum. Magana ta biyu ita ce talaka ba shi da wata murya sai ƙafarsa, ai ko Gandi na Indiya da tafiyar ƙasa ya girgiza Turawan Ingila. Haka ne, a 1930 ya yi kwana 24 yana tafiya zuwa bakin teku a Dandi. Amma ya tafi ne da bukata bayyananniya, wato a soke dokar da ta hana talaka haɗa gishiri, da ya isa kuma ya karya dokar a idon duniya, jama'a suka bi sahu. Ya je ƙalubalantar mai mulki ne a madadin mutane. Da matasanmu za su taka daga Minna zuwa Abuja cikin tsari, da izini da rakiya, suna neman a gama titin Suleja ko a tsare ƙauyukan Shiroro, da ni ma na sa musu albarka.

Akwai kuma wani abu da ke sosa mini rai. Kullum safiya matan Gwarawa suna shigowa Minna daga ƙauyuka da doya da itace a kafaɗa, su sayar su koma kafin magariba. Makiyayi yana bin shanunsa daga wannan mashaya zuwa waccan shekara da shekaru. In aka tara takun da ɗayansu yake yi a shekara, ba a san sau nawa ya je Abuja ya dawo ba. Ba a taɓa tara musu 'yan jarida ba, su ma ba su nema ba, domin abin da suka fita nema suna dawowa da shi a hannu, ko kuɗin cefane ko garke ƙosasshe.

Don haka ina kira ga iyaye da masu unguwa da limaman Dutsen Kura, ta Hausawa da ta Gwarawa. In yaro ya zo neman albarkar tattaki, kada a yi masa dariya, kada kuma a yi masa tafi. A zaunar da shi a tambaye shi abin da zai ɗauko a can, da wanda zai kula da shi in ƙafa ta ƙi. In aiki yake nema, a taimaka masa ya rubuta takarda, a haɗa masa kuɗin mota daga tashar Abuja, ya je ya dawo a yini guda. In kuma ƙafarsa ce ke ƙaiƙayin tafiya, ya samu abokai su hau duwatsun da ke kewaye da Minna da sassafe, su dawo gida kafin rana ta take.