Dogarawa: inda hanya ke faɗin ranar tsinkar tumatir

Wanda ya bar Birnin Ƙwanni da sassahe cikin watan Janbiye, ya miƙi babbar hanyar Madawa, kahin ya kai Galmi zai tarad da Dogarawa. Galmi ta yi suna da albasa har ƙasashen waje. Dogarawa kuwa tumatir ne arzikinta. Tun daga bakin gari kwanduna ne jere, ga dillalai cikin rawani saboda hunturu, ga motoci na jiran lodi. Abin da ya tsayar da ni shi ne, rabin kayan da ake ɗorawa bai yi ja ba. Wani kore ne fatau, wani ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Mu mutanen Yamai da muka saba ganinsa jawur a kasuwa, sai na ɗauka haɗama ce ta sa manoma ɗibar ɗanye.

Na gangara kwarin Magiya domin in ji daga bakin masu abin. Noman rani a wannan yanki daɗaɗɗe ne, amma ya ƙara ƙarhi bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta kira talakawa su koma ga fadamu da rijiyoyi. A wata garka na iske wani dattijo da jikokinsa biyu suna bin layi-layi. Bayan gaisuwa na ce: «Baba, me ya sa kuke tsinkar abin da bai nuna ba?» Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce: «Ɗana, ka fara tambayata ina za shi.»

Ya kamo ɗa guda ya juya mini ƙasansa, wurin da hure ya kaɗe. Nan ne, in ji shi, nuna ke farawa. In koren ya kwashe, wurin ya yi fari-fari kamar tauraro, fata ta soma sheƙi, to ya ƙosa. Sa'an nan ya zaro wuƙa ya raba shi biyu. Irin da ke ciki ya zame wa kaihin wuƙa, yana kwance cikin yauƙi. Ya yanka wani ƙarami: wuƙa ta datse irin, cikin kuma a bushe. Na farkon zai ja ko an raba shi da uwa. Na biyun sai dai ya yanƙwane ya ruɓe. Masana aikin gona ma haka suke gwadawa. Sun ce ɗan da ya ƙosa yana hitar da wata iska mai suna etilan, ita ke ƙarasa nunar a cikin kwando. Daga ƙulla ɗa zuwa wannan mataki ana yin sati 6 zuwa 7.

To, a nan lissahi yake. Tsakanin Dogarawa da Yamai ya zarce kilomita 400, kwando bisa kwando, ga rana, ga tsaye-tsaye. Jajayen da aka ɗora yau, gobe ruwa ne ke ɗiga ƙarƙashin mota, dillali kuma ba ya ɗaukar asara shi kaɗai, a kan manomi zai huce a lodi na gaba. Saboda haka na Yamai ana tsinkarsa da ja ya ɗan taɓa ƙasansa. Na Ƙwanni da Madawa ana bari ya yi rabi. Wanda za ya shiga tukunyar gida shi ake ƙyalewa ya yi ja har wuya, ya ɗan yi laushi a hannu, ya saki reshe da an murɗa shi kaɗan. Ɗiba kuwa da sahe ake yi, kahin rana ta gasa shi.

Akwai wani abu da dattijon ya faɗa wanda masu ƴan shuke-shuke a tsakar gida ya kamata su riƙe. Da bazara ta kawo kai, wajen Maris zuwa Abirilu, kada a zauna jiran ja. In zahi ya wuce digiri 30 zuwa 32, sinadarin da ke rina tumatir ja ba ya haɗuwa sosai. Ɗan zai tsaya a ruwan lemu, ya nuna a ciki, mai shi yana ta jira har rana ta ƙone masa gehe ko tsuntsu ya riga shi. Gara a tsinke shi a shimhiɗa a inuwa mai sanyi. Ni kaina na yi wannan asara a gidana shekara biyu, ina zargin iri.

Sai dai ba kullum dabara ke ceto ba. Akwai satin da kwarin duka ke nuna lokaci guda, kasuwa ta cika, kuɗin kwando ya kasa biyan jakin da ya kawo shi. Nan mata ke shiga da wuƙaƙe, a tsaga, a shanya, a tara kauɗa ta miyar damina. Na ga shanya a bayan gari, ja shimhiɗe kamar an baza darduma.

Da zan tashi, dattijon ya aiki jikansa can ƙarshen garka, ga wasu ƴan gindi da ba a taɓa wa dillali. Yaron ya dawo da guda uku masu ɗumin rana. Na ci ɗaya nan tsaye da ɗan gishiri, ruwansa na bin hannuna. Shekarun da na yi ina sayen tumatir a Yamai, ban taɓa jin wannan zaƙi ba. Sauran biyun na ƙulle su a hula, amma ba su kai Doso da rai ba.