Bin Gulbi da Rani

Litinin, Gidan Runji

Mun sauka da hantsi, buji ya rufe gari. A Gulbin Maraɗi babu ko ɗigon ruwa, sai rairayi da sawun amalanke. Masu lambu sun tona rijiyoyi a fadama suna shayar da albasa da tumatir. Daga ƙasar Katsina gulbin yake tasowa, ya shigo Nijar, ya karkata ya koma Nijeriya ya faɗa Rima. Manoma na kukan cewa tun da aka gina madatsar Jibiya ruwan da ke malala musu gona ya ragu.

Talata, Tsibiri

Na wuni a ƙofar fadar Sarkin Gobir. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa ba su sami wurin zama ba, ga shi kuma aka ci su a Gawakuke a 1836, inda Sarki Ali ya kwanta dama. Sarki Mayaƙi ne ya tattara waɗanda suka tsira, ya kafa Tsibiri a kurmin bakin gulbi, inda dokin maƙiyi ba ya samun filin sukuwa. Ga Katsinawan Maraɗi nan kusa, su ma korarru, sai aka haɗa kai ana kai hari kudu da yamma. Sarautar Inna, uwar 'yan bori, tana nan har yau, ko da yake wasu malamai na kau da kai in an ambace ta. Tsagen Gobir kuwa a fuskar dattawa na fi ganinsa. A ta yara, da wuya.

Laraba, Maraɗi

Gulbin da ya ɓoye Katsinawan Maraɗi, shi ya tashe su. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon gari da ke kwari, Faransawa suka mayar da mutane kan tudu, suka ja tituna miƙaƙƙu. Shi ya sa mai neman lungunan Katsina ko Zariya a Maraɗi zai gaji bai samu ba. Ni dai na fi son lungu.

Alhamis, Agye

Ƙasar aya da gero. A Ɗan Saga na ga gonaki cike da gawo da kalgo waɗanda ba dasa su aka yi ba. Kututture ne ya tofo, manomi ya rage rassa, ya hana gatari.

Juma'a, Gazawa

Sai a 2011 aka cire ta daga Agye ta tsaya da kanta. Na sayi tabarmar kaba bayan an sauko masallaci, na tsaya bakin kwalta ina jiran motar Tasawa.