Ba Juya Ba Ce

Malamanmu sukan ce harshe ba ya rasa sunan abin da masu shi suka sani. To, ni kuwa akwai wata cuta da nake zaune da ita shekara 3 ke nan, wadda Hausa ba ta raɗa mata suna ba tukuna. Abin da muke da shi sunayen matan da ke fama da ita ne, kuma duk ba masu daɗin ji ba. In mace ta daɗe da aure ba ta haihu ba, juya ce. In gashi ya tsiro mata a haɓa, mata-maza ce. In al'adarta ta ɗauke wata da watanni, matar aure sai a ce ciki ne ya kwanta, budurwa kuwa sai a shiga kallon ta a kaikaice. Wanda ya so ya tausaya sai ya ce sanyi ne ya yi mata yawa, ko kuwa namijin dare ne ya aure ta. Sau da yawa duk waɗannan matan cuta ɗaya ce ke damun su, kuma ni ɗaya ce daga cikinsu.

Likitoci sun san ta da haruffan nan huɗu, watau PCOS. A shekarar 1935 ne wasu likitoci biyu na birnin Shikago a Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana ta bayan sun duba mata 7. (Ƙamusun Bargery a 1934 ya fito, saboda haka ba mu da bakin ganin laifinsa.) Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa suna da ita, kuma har kashi 70 cikin ɗari na masu ita ba a gano musu ba. Mai karatu ya ƙirga ɗalibai mata na ajinsu ya yi lissafi da kansa.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Kowace mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, dama da hagun mahaifa, kuma bisa ɗabi'a kowane wata ƙwai ɗaya ke nuna ya fito. A jikin mai wannan cuta kuwa, ƙwayayen sukan fara girma da yawa, sa'an nan su tsaya a hanya, ba wanda ya ƙosa balle ya fito. In an ɗauki hoton ciki sai a gan su jere ƙanana-ƙanana kamar tsakiya a zare. Abu biyu ke da hannu a ciki. Na farko, sinadarin maza, wanda kowace mace tana da ɗan kaɗan, ya kan yi yawa. Shi ke kawo gashin haɓa da ƙurajen fuska da zubewar gashin tsakiyar kai. Na biyu, jiki ba ya jin maganar insulin, watau sinadarin da ke shigar da sukari inda ake bukatarsa, sai jikin ya yi ta ƙara fitar da shi, yawansa kuma ya ƙara ingiza sinadarin maza. Daga nan ne ƙiba take zuwa, da baƙin nan na bayan wuya da hammata wanda ake ɗauka dauɗa ce. Na san yawan sabulun da kakata ta ƙarar a wuyana. Amma fa ba dole sai mai jiki ba, akwai sirara da yawa masu ita.

Tun daga taron da aka yi a Rotadam ta ƙasar Holan a 2003, ƙa'idar ita ce sai an sami alamu 2 daga cikin 3: rikicewar al'ada, da alamun yawan sinadarin maza, da waɗancan ƙwayaye a hoto, bayan an tabbatar ba wata cuta ce daban ta kawo su ba. Rikicewa kuwa ana nufin tazarar da ta wuce kwana 35, ko ta gaza 21, ko mace ta ga al'ada ƙasa da sau 8 a shekara. Ni a shekarar da na shigo jami'a sau 4 na gani.

Ba a warkewa daga ita, sai dai a sarrafa ta, kamar yadda mai hawan jini yake yi. Abu na farko da likita ta ce da ni shi ne ci da motsi. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki kan isa ya daidaita al'ada. Faɗar wannan da sauƙi. Wanda ya san zaman ɗakin kwanan ɗalibai ya san abincinmu: taliya da safe, shinkafa da rana, burodi da shayi mai sukari da dare, ga lemon kwalba in an sami kuɗi. Na koma ga wake da kwaɗon zogale da rama, na rage malmalar tuwo na ƙara miya, na daina hawa babur daga ɗaki zuwa aji. Daɗin daɗawa, mu mutane ne masu ganin ƙiba alamar hutu ce, saboda haka da na je hutu gida sai gwaggona ta riƙe haɓa ta ce, "'Yar nan, boko ne ke cin ki haka, ko wani ne ya ɓata miki rai?" Aka kuma ba ni metfomin, maganin masu ciwon sukari, wanda ya wahalar da cikina makonnin farko kafin mu saba.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne magani na uku. In al'ada ta ɗauke fiye da kwana 90, bangon cikin mahaifa yakan yi ta kauri ba ya zubewa, kuma in aka bar shi haka shekara da shekaru yana iya kai wa ga ciwon daji. Ɗaya daga cikin hanyoyin hana wannan ita ce ƙwayar nan ta tazarar haihuwa, wadda ke daidaita al'ada ta kuma rage gashi da ƙuraje. To, jama'a, a duba mini: budurwa, a ɗakin mutum shida, kullum dare tana haɗiyar ƙwayar tsarin iyali. Wa zai tsaya ya saurari zancen bangon mahaifa? Cikin safa nake ɓoye tawa, a ƙasan akwati. Mahaifiyata ma da ƙyar ta yarda, domin ta ji an ce ƙwayar tana ƙone mahaifa, sai da likita ta zaunar da ita ta ce, "Hajiya, wannan kare mata mahaifar take yi, ranar da ta bar sha jikinta zai koma yadda yake." A ganina 'yan mata nawa ne suka ajiye wannan magani, ba don bai yi musu amfani ba, sai don tsoron baki.

Sai batun haihuwa, wanda shi ne kowa ke jira. Gaskiya ne wannan cuta tana kan gaba cikin abubuwan da ke hana ƙwai fita, amma jinkiri take kawowa, ba rufe ƙofa ba. Da yawa suna samun ciki ba tare da magani ba, domin ƙwan yana fita jefi-jefi. Waɗanda suka jinkirta kuwa, ƙa'idojin duniya da aka fitar a 2018 ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Monash ta Ostareliya, aka sabunta a 2023, sun sa letirozol a matsayin maganin farko: ƙwaya ce da ake sha kwana 5 a farkon wata don ta taimaki ƙwai ya nuna. Akwai kulomifin, akwai allurai, akwai dashen ƙwai ga mai hali. Kafin a fara ko ɗaya kuwa sai an gwada mijin shi ma, abin da mazanmu da yawa ke ɗauka cin fuska ne. In ciki ya samu, sai a sa ido kan sukari da hawan jini, domin sun fi saurin kama mai wannan cuta. Abin takaici shi ne shekarun da ake ɓatawa tsakanin mai maganin sanyi da mai hayaƙi, har kishiya ta shigo, alhali ba wanda ya taɓa auna jinin matar.

Ko an haihu ko ba a haihu ba, cutar tana nan, kuma haɗarin ciwon sukari yana ƙaruwa da shekaru, shi ya sa ake so a riƙa gwaji lokaci-lokaci. Damuwa da ƙuncin rai ma likitoci sun lissafa su cikin abin da ya kamata a duba. Yarinyar da ke tsige haɓarta a ɓoye kafin abokan ɗaki su farka ba ta bukatar a fassara mata wannan.

An kawo kuɗin gaisuwata a hutun da ya wuce. Ƙawayena sun kasu biyu: wasu suka ce in yi shiru, ai ba a tallata abin da Allah ya rufa, wasu suka ce in faɗa. Ni na zaɓi in faɗa, domin in jinkiri ya zo ina so ya zama asibiti za mu nufa tare, ba ni kaɗai za a bari da sunan juya ba. Na yi masa bayani kamar yadda na yi a nan, ya yi tambayoyi, ya ce ya ji ya gani. Ya roƙe ni abu guda, wai kada maganar ta kai kunnen mahaifiyarsa sai bayan biki. Ban ba shi amsa ba tukuna.