Baƙon Daren Juma'a

Ina tsaka da tankaɗen garin tuwo ƙarar farko ta tashi, wajen ƙarfe biyar na yamma, ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012. Na zaci taransifomar unguwa ce ta buga. Ta biyun ce ta zubo da kwanukan da ke jere a ɗakina, sai kuma harbi ya biyo baya babu tsagaitawa. A Tarauni muke zaune a lokacin, tsakaninmu da ofishin fasfo na Farm Centre ba wani nisa. Sai daga baya muka ji a rediyo cewa lokaci guda aka afka wa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da ofishin shiyya ta ɗaya da ke titin BUK da wasu wuraren, kuma 'yan sanda suka ce mutum 185 aka rasa. A wannan yammacin, abin da na sani kawai shi ne maigidana yana Kantin Kwari, layinsa kuma ba ya shiga.

Na tura yara ƙarƙashin gado. Na tayar da sallar magariba, na kasa sanin raka'a nawa na yi. Gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24, unguwa ta yi tsit, in ban da jiniya daga nesa da warin hayaƙi da iskar hunturu ke kawowa.

Bayan isha'i aka yi sallama a ƙofar zaure, muryar dattijo ce, ƙasa-ƙasa. Ban amsa ba. A wannan dare duk wanda ba ka san fuskarsa ba abin tsoro ne, balle ni mace ba namiji a gida. Ya sake sallama, ya ce, "Masu gida, ba shigowa zan yi ba. Ruwan zafi kawai, don Allah, saboda yaro."

Sai na jiyo yaron. Ba kuka yake yi sosai ba, wani nishi ne mai fita ta tsakanin haƙora, a ja shi a sake shi. Na san wannan nishin, domin da shi na girma. Ƙanena mai sikila haka yake yi duk sanda sanyi ya tayar masa da ciwon, har Allah ya karɓi abinsa. Ban tuna lokacin da na yanke shawara ba, na dai ga hannuna ya zare sakata.

Tsoho ne siriri, goye da jikansa a cikin wani tsohon bargo, ga ledar magani rataye a hannu. Daga asibitin Malam Aminu Kano suka fito, za su tashar Unguwa Uku su nemi motar garinsu wajen Tudun Wada, sai gari ya hargitse. Ya ce ya buga ƙofofi da dama. Bai faɗi haka da ƙorafi ba, har ma ya ba su uzuri: "Ai da gaskiyarsu, 'yata."

Ya ƙi wuce zaure. Na shimfiɗa masa tabarma a nan, na ɗauki yaron na shiga da shi. Na hura gawayi, na tsoma tsumma a ruwan ɗumi ina gasa masa gwiwoyi da ƙwauri kamar yadda Innarmu take yi, ina ɗura masa ruwa kaɗan-kaɗan da cokali. Ƙafafunsa sirara ne, idanun sun yi rawaya, ya riƙe bakin zanena ya ƙi saki.

A nan abin ya faru, kuma har yau in na ba da labarin sai in ga kamar ban faɗe shi daidai ba. Tun ƙarfe biyar jikina ke rawa, amma ina cikin gashin nan na lura hannuna ya tsaya cak. Addu'ar da ta ƙi zuwa a kan sallaya ta dinga fitowa da kanta, ga yaron, ga maigidana, ga waɗanda ke kwance a titi. Na ji a jikina cewa ba mu kaɗai ba ne a ɗakin, ana ganina, an san halin da nake ciki, kuma Wanda ya san ina neman abin riƙewa shi ne ya bi da tsohon nan ta ƙofofin da suka ƙi buɗewa har ya iso tawa. A Islamiyya an karantar da mu hadisin da ke nuna cewa wanda ya je duba mara lafiya zai tarar da Ubangiji a wajensa. Na haddace shi don jarrabawa, na ci makinsa, na ajiye.

Daga zaure ina jiyo tsohon yana jan carbi, ko an yi harbi ba ya canja sauti. Na ɗauka ƙauyanci ne, bai san abin da ake kira bam ba. Da asuba na kai masa koko, sai yake gaya mini yayyen yaron biyu wannan ciwo ne ya tafi da su, shi ya yi musu wanka da hannunsa. Ashe ni ce baƙuwa a wajen tsoro.

Maigidana ya shigo da hantsi, ya biyo lunguna a ƙafa, bayan ya kwana a wani masallaci cikin mutanen da bai sani ba. Yana ganin takalman namiji a zaure fuskarsa ta canja. "Ke, a irin wannan daren kike buɗe ƙofa?" Ban ce komai ba, na ɗaga masa labule ya ga yaron yana barci tsakanin 'ya'yansa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya koma zaure ya durƙusa ya ce, "Baba, an kwana lafiya?"

Da aka sassauta dokar, shi ya raka su tasha. Ya dawo yana mitar kuɗin mota, wai tun da aka mayar da litar fetur naira 97 direbobi suka daina jin tsoron Allah. Na tambaye shi sunan tsohon, ya ce ai ya ɗauka ni na tambaya.